Yaya Alasan da Yaƙin da Aka Ce na Ceto Ne

Shekara tara ke nan, a wannan daminar, da aka binne yayana Alasan a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Djougou ta ƙasar Benin, garin da mu 'yan gida muke ce wa Zugu. Ba sananne ba ne. Mai walda ne, mai haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe, kuma in ka cire dangi da waɗanda ya yi wa aiki, ba na jin akwai wanda zai ji sunansa ya ɗaga kai. Ni ce ƙanwarsa Salamatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi shekaru ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, yanzu na huta, ina zaune a unguwar Turu da ke bakin Paraku.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in toya ƙosai in raba wa maƙwabta, in sa a yi masa addu'a a masallaci ba. Bana ne na kasa yin shiru. Ran Talatar da ta wuce ina tankaɗe a tsakar gida, rediyo na ajiye a kan turmi, sai na ji ana cewa wasu manyan ƙasashe na shawarar sauke shugaban wata ƙasa mai nisa da ƙarfin soja, domin a ceci talakawansa. Ban san ƙasar ba, ban taɓa ganin hoton mutumin ba. Amma rariyar ta kuɓuce mini, gari ya watse a ƙasa, na zauna a bakin tabarma. Kalmomin ne na gane. Su ne dai waɗanda na taɓa ji, ko ɗaya ba a sauya ba.

Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a Zugu a kan hanyarsu ta Gwanja, suka ga wurin ya yi musu, suka zauna. Zuwa zamanin babanmu fataucin ya ja baya, don haka aka kawo Yaya Alasan Paraku ya koyi walda a Gar, wajen tashar jirgin ƙasa, inda manyan motoci ke lodin kayan Nijar. A nan ya haɗu da Yakubu, ɗan manoman doya daga Kolokonde, sa'ansa, wanda ya zama amininsa har ba a kiran sunan ɗaya sai da na ɗaya. Tare suka yanke shawarar tafiya Libiya, lokacin da samarin Zugu ke ta kwarara can neman aiki. Ya bar mata da 'ya'ya biyu a gida, yana zuwa bayan shekara biyu ko uku da barguna da dabino da man zaitun a galan. Ya shekara goma sha bakwai a can.

Kada mai karatu ya ɗauka yayana masoyin shugaban ƙasar can ne. Ko kaɗan. An taɓa sauke shi daga motar haya a kan takardun zama, aka kulle shi mako uku, ya fito babu haƙorin gaba ɗaya. Idan ya zo hutu Zugu, yana zaune a zauren babanmu, nisan duniya tsakaninsa da can, in zancen shugaban ya taso sai ya rage murya ya waiga. Bai taɓa kiran sunansa a gabana ba. "Mutumin" kawai yake cewa.

Shi ya sa da aka fara nuna mana a telebijin cewa jiragen manyan ƙasashe sun fara luguden wuta don su kare mutanen Libiya daga shugabansu, ni murna na yi. Ba zan ɓoye ba. Maigidana Mumuni, direban babbar mota ne tsakanin Kwatano da Yamai, har tafi ya yi. Ya ce, "To, ga waɗanda suka fi shi ƙarfi sun zo. Ya ɗanɗana shi ma." Na tuna haƙorin yayana, na ce Allah ya ƙara.

Bayan kwana kaɗan, da la'asar, wayata ta yi ƙara. Muryarsa na zuwa tana yankewa.

"Salamatu, me ake cewa a wurinku?"

Na ce, "An ce an zo a cece ku, Yaya."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina nan, ana dukan na duka, ana kulle na kullewa, su manyan nan suna zuwa suna cin abinci da mutumin, suna sayar masa da bindigogi. Me ya faru bana da tausayi ya kama su?"

Ya ce in gaya wa Inna, mahaifiyarmu, lafiyarsa lau, kada in ƙara ko kalma ɗaya a kan haka. Sai layin ya mutu.

Wata biyar ban sake jin muryarsa ba. Na buga lambar nan har na haddace muryar Balarabiyar da ke cewa ba a samun mai wayar. Duk Asabar nakan hau mota in tafi Zugu, in zauna gaban Inna in shirya mata ƙarya: ya bugo, yana gaishe ki, aiki ne ya yi yawa. Takan dube ni ta ce, "To, Allah ya yi masa albarka," ta ci gaba da jan carbi. Har yau ban sani ba ko ta yarda ko tausayina take ji. A cikin watannin nan ne labari ya fara zuwa cewa a can ana farautar baƙar fata, wai sojojin hayan shugaban ne. Na daina kallon telebijin, sannan na kasa dainawa. Nakan matsa kusa da gilashin in duba fuskokin waɗanda aka ɗaure a bayan mota, ina neman tasa, ina roƙon kada in gan ta.

Wata rana da azahar aka aiko daga Gar cewa wani mutum ya sauka daga motar albasa ta Malanbil yana tambayar matar Mumuni direba. Na hau zem, babur ɗin haya, ban ko sauya zane ba. Na zagaya tsakanin motocin sau biyu, na wuce wani tsoho da ke zaune a kan taya da 'yar leda a hannu. Sai da ya ce, "Salamatu," sannan na juyo. Shekararsa arba'in da huɗu a lokacin. Gemunsa ya yi fari fat, wuyansa kamar a kama da hannu ɗaya. Na buɗe baki zan kurma ihu, ya ɗaga hannu.

"Kada ki yi kuka a nan. Ki ba ni ruwa. Akwai inda za ki raka ni."

Na ce, "Ina Yakubu?"

Ya ce, "Can za ki raka ni."

Sai da ya kwana uku a gidana yana barci yana farkawa a firgice kafin ya iya ba ni labarin. Da garin ya rikice, tsohon Balaraben da suke yi wa aiki ya ɓoye su a ɗakin ajiyar ƙarafa, wata uku ba su ga titi ba, matarsa na miƙo musu burodi ta taga. Da abinci ya ƙare, tsohon ya ce zai fitar da su da motarsa zuwa kudu. A wani shinge, samari masu bindiga, waɗanda jiragen ke share wa hanya, suka tsayar da su, suka ce su buɗe hannuwa. Hannun mai walda kuwa duk tabon wuta ne. Suka ce tabon harbi ne. Tsohon ya fito yana rantsuwa da Allah cewa ma'aikatansa ne, ya san su shekara da shekaru, har ya cire hularsa ya jefa a ƙasa gabansu. Yaya Alasan ya iya Larabci sosai, ya amsa duk abin da suka tambaya. Yakubu kuwa Larabcinsa na kasuwa ne, ga tsagar gidansu a fuska, ga tsoro ya ɗaure masa harshe. Suka ce mutum ɗaya za su bar wa tsohon. Suka zagaya da Yakubu bayan wata katanga. Yayana bai ga gawa ba. Ƙara biyu ya ji, sannan aka buga bayan motar aka ce su wuce.

Lokacin sabuwar doya ne muka tafi Kolokonde. Daga bakin titi muka ɗauki babur muka bi hanyar daji, ruwa ya cinye ta, muna sauka muna turawa. Mahaifiyar Yakubu tsohuwa ce ƙarama, muka same ta tana ferar doya a gindin ɗorawa. Ba ta jin Hausa, mu ba mu jin Yom, sai muka haɗu a Dendi. Da ta ga yayana shi kaɗai, ta ajiye wuƙar. Ya durƙusa ya faɗa mata, bai rage komai ba. Na ɗauka ba ta fahimta ba. Can ta ce:

"Me ya yi musu?"

Ya ce, "Ba komai, Inna."

"Sarkin nasu ya san shi?"

"Bai san shi ba."

"Su masu jiragen fa, sun san akwai shi a garin?"

Yaya Alasan ya sunkuyar da kai. Da za mu tafi, ta sa aka ɗaure mana doya shida, ta ce ba a zuwa gidanta lokacin sabuwar doya a koma hannu banza. Muka ƙi, ta rantse. Shi ya rungumo doyar a kan babur har bakin titi, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. A rayuwata, rana ɗaya ke nan da na ga kukansa.

Ba a daɗe ba aka kashe shugaban. Hoton ya shiga wayoyi, ana nuna wa juna a kasuwa da tasha. Mumuni ya dawo daga Yamai da shi a wayarsa, ya sami yayana yana cin tuwo a barandarmu, ya miƙa masa cikin murna. Yaya Alasan ya kawar da kai.

Mumuni ya ce, "Haba Yaya, duba mana. Wanda ya wahalar da ku ne fa."

Ya ce, "Mumuni, ni aka karya wa haƙori, ba kai ba. In murna ce, ni ya kamata in fara. Amma zauna in gaya maka abin da na gani. Na ga rumbunan makamai a buɗe, babu ƙofa babu mai gadi, kowa na shiga yana ɗiba kamar gero a masussuka. Na ga asibiti babu wuta. Na ga unguwar baƙaƙe an kone ta. Amma inda mai ke fita, can ba a yi sakaci ba. Wanda ya ce ya zo ceton mutane, me ya kamata ya fara tsarewa?"

Mumuni ba mai saurin sakin magana ba ne. Ya ce, "Ko da wata manufa suka zo, ai dai an rabu da azzalumi."

"An rabu da ɗaya," in ji yayana. Ya wanke hannu, bai ƙarasa tuwon ba. "Motar da ta fito da ni daga Sabha zuwa Agadas, a kan akwatuna na zauna kwana huɗu. Da muka tsaya shan ruwa ɗaya ya fashe, na ga abin da ke ciki. Ba dabino ba ne. Hanyar da na biyo na dawo gida, ita makaman ke bi. Ni dai na riga su isowa ne."

Mumuni ya yi dariya, ya ce ina Agadas ina Paraku, mu Benin ko faɗan siyasa da baki muke yin sa. Ni ma a zuciyata na ce wahala ce ta sa yayana ganin duhu a ko'ina.

Ya koma Zugu ya buɗe 'yar rumfar walda a bakin hanyar Natitingu. Aikinsa na da kyau, har yau akwai ƙofofinsa a unguwarmu da ba su taɓa lanƙwasa ba. Amma mutumin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. In jirgin sama ya wuce, ko a can ƙololuwa ne, sai ya kashe inji ya shiga ƙarƙashin rumfa har ƙarar ta ɓace. In ya ga shingen jandarma a hanya, hannuwansa yake cusawa cikin aljihu. A majalisar shayi kuwa ba shi da zance sai ɗaya. Duk lokacin da rediyo ta ce wata gwamnati za ta shiga wata ƙasa don gyara, yakan ce, "Ku tambaye su me ke ƙarƙashin ƙasar wurin. Ku tambaye su wa zai zauna ya share in sun gama." Samari suka sa masa suna Mai Tambaya, wasu na cewa Larabawa sun taɓa masa kai.

Gaskiya ita ce, wani lokacin yakan wuce gona da iri. Da wasu Turawa suka zo haƙa rijiyar burtsatse a bayan gari, ya bi su yana tambayar me suke nema a ƙasa, har sai da mai unguwa ya ba su haƙuri. Ruwa suke nema, kuma ruwan muke sha har yau. Na ji kunya ranar. Na same shi a rumfa na ce masa, "Yaya, ka bar mu mu sha iska. Ba kowa ne maƙiyinka ba. Yaƙin nan ya ƙare, can ka baro shi." Ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ya dube ni, ya ce, "Allah ya sa ke ce mai gaskiya, Salamatu. Wallahi na fi kowa son in zama mahaukaci." Cikin duk maganganun da na taɓa gaya masa, ita ce nake so da ban faɗa ba.

Da ɗana na fari, Zakari, ya ci jarrabawar shiga soja, gidanmu ya cika da murna, don aikin gwamnati ne, kuma a lokacin sojanmu fareti ne da gadin ofis. Na tura shi Zugu ya yi wa kawunsa sallama, ina fargabar abin da zai ji. Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce kawu bai hana shi ba. Ya dai kama hannuwansa biyu ya juya su yana kallo, sannan ya ce, "In an ce ka tsare gida, ka tsare da ranka. In an ce ka tsallaka gidan wani ka gyara masa, ba za ka iya ƙi ba, soja ne kai. Amma duk wanda aka ce maka maƙiyi ne, ka duba fuskarsa tukuna. Wataƙila mai walda ne."

Bayan shekara ɗaya ciwon ƙirji ya kwantar da shi, hayaƙin ƙarfe na shekara talatin. Ya rasu da hantsi, ana yayyafi, 'ya'yansa na gefensa. Inna ta riga shi da wata bakwai. Ya tafi ya bar ƙasarmu na zaune lafiya, mutanen Zugu na ganin tsoronsa ciwo ne irin na wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Ban san ranar da zan ce abin ya iso ba, don bai iso da ganga ba. Da farko labarin Mali muke ji, sai Burkina, muna cewa Allah ya kyauta musu. Sai mahautan Paraku suka fara cewa akwai kasuwannin shanu a arewa da ba a zuwa yanzu. Sai fuskoki baƙi suka fara bayyana a Zugu, mata da yara da ƙunshin kaya, sun baro ƙauyukan bakin iyaka. Sai aka tura Zakari can. Tun daga ranar, in waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai na karanta abin da na iya kafin in ɗauka. Na taɓa tambayarsa daga ina 'yan bindigar dajin nan da suke yaƙa ke samun makamai. Ya ce, "Mama, ni ƙaramin soja ne, ba a gaya mini. Amma duk wanda muka kama, kawu nake tunawa." Ni malamar yara ce, ba zan ce abu ɗaya ne ya haifi duk wannan masifa ba. Akwai talauci, akwai rikicin gona da kiwo, akwai sakacin namu. Amma na san wanda ya zauna a kan akwatunan, ya kuma gaya mana inda suka dosa, muka yi masa dariya.

Abin da ya fi girgiza ni kuwa ya zo ne lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, shugabannin yankinmu suka ce in ba su sauka ba za a sauke su da ƙarfi. 'Yata Balkisa tana aure a Gaya, tsallaken kogi daga Malanbil, tana da tsohon ciki a lokacin. Zakari kuma na cikin rundunar arewa. Aka rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu. Motoci suka yi layi tun daga bakin ruwa, kaya na ruɓewa a ciki, Gar ta Paraku ta cika da direbobi zaune ba aiki. Rediyo kullum sai zancen ranar da wa'adi zai cika. Ni kuwa lissafi ɗaya nake yi: in an ce a tsallaka, ta Gaya za a bi, kuma ɗana na iya kasancewa a motar farko, bakin bindigarsa na kallon unguwar da ƙanwarsa ke naƙuda.

Na kira shi na ce, "Zakari, da gaske za ku shiga?"

Ya ce, "Mama, ba a magana irin wannan a waya."

"Balkisa na can."

Ya ce, "Na sani, Mama. Ki ce mata kada ta kwana kusa da barikin duwan, na 'yan kwastan." Ya kashe.

Na kira Balkisa na gaya mata, ta ce, "Mama, to ina zan je da wannan cikin? Yaya Zakari ne zai harbe mu?" Ta yi dariya don ta kwantar mini da hankali, dariyar ta karye a tsakiya.

Makonnin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Mumuni, wanda motarsa ta maƙale a Gar, yana wuni a gida da rediyo a kunne. Wata rana da rana tsaka wani mai sharhi na bayanin cewa aikin ba zai wuce 'yan kwanaki ba, za a shiga a fito, talaka ba zai ji ko ƙwarzane ba. Mumuni ya kashe rediyon. Ya ce, "Salamatu, haka suka ce a na Libiya, ko?" Na ce haka suka ce. Ya ce, "Na yi wa yayanki dariya a kan barandar nan. Ranar Juma'a ki shirya mu je Zugu, ina so in tsaya a kan kabarinsa." Ya je. Ban san me ya ce a kan kabarin ba, ni a gidanmu na Zugu na jira shi.

Allah ya taƙaita, ba a yi yaƙin ba. Balkisa ta haifi 'ya mace. Da na je ganin jaririyar, a kwalekwale na tsallaka, gadar na sama da kanmu babu kowa a kanta sai shinge. Matan da ke cikin jirgin, wata 'yar Gaya ce mai aure a Kandi, wata 'yar Malanbil ce mai uwa a Doso. Na dube su na ce a raina, waɗannan ne za a ceta, kuma waɗannan ne za a binne.

Nakan tambayi kaina me Yaya Alasan zai ce da ya ga yau. Wasu samari a Gar, da suka ji labarinsa a bakin Mumuni, sun ɗauka da yana raye da yana cikinsu, yana tafa wa duk mai kakin da ya zagi Turawa, yana maraba da sababbin manyan baƙi masu sabuwar tuta. Ba su san shi ba. Mutumin da ya kwana mako uku a kulle ba zai tafa wa mulkin bindiga ba, ko na wane ne. Sababbin abokan nan ma da ya bi su da tambayarsa har sai sun gaji: me kuke so a nan, kuma in ta ɓaci wa zai zauna? Bai taɓa cewa azzalumi ya dawwama ba. Ya san akwai mutanen da ke ƙarƙashin takalmi suna kiran a zo, don shi ma ya kira a zuciyarsa. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne gwamnati ta ɗauki jirage ta ƙetare teku saboda tausayi zalla. Ya ce tausayi ba ya zaɓar ƙasa mai arziki ya tsallake maras shi, kuma ba ya tattara kayansa ya tafi ranar da aka gama ɗaukar hoto.

To me ya rage na yayana bayan shekara tara? Rumfarsa wani mai gyaran babur ne a ciki. 'Ya'yansa sun girma, ɗaya na Kwatano, ɗaya na koyarwa a Kopargo. Ba a sa sunansa a kan komai ba. Abin da ya bar mini tsoro ne, kuma na daɗe ina jin haushin wannan gado. Na fi son zamanin da nake jin labarin duniya kamar tatsuniya, in tafa in koma girkina. Amma yanzu na gane tsoronsa ba na ragon mutum ba ne. Tsoro ne na wanda ya san cewa idan manya sun zauna a ɗaki mai sanyi suka ce za a sauke wane, akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ba a kan taswirarsu ba, wadda za a je a durƙusa a gabanta. Ba ni da ikon hana jirgi tashi. Abin da nake roƙon mai karatu kawai shi ne, in ka ji an ce za a ceci wasu mutane da wuta, ka jinkirta tafi ko da na yini ɗaya ne, ka tambaya.

Zakari na gida hutun mako biyu, gobe da hantsi zai koma. Ya yi aure, matarsa na nan wurina da ɗansu mai koyon tafiya. Tun ɗazu nake daka masa yaji ina ɗaure kilishi a takarda, shi kuma yana tsakar gida yana riƙe da yatsun yaron, suna taku ɗaya ɗaya daga turmi zuwa bakin rijiya. Na tambaye shi ko ya ji labarin ƙasar nan mai nisa. Ya ce ya ji, ya ce, "Da nisa, Mama." Na ƙara masa ƙunshi ɗaya a jaka.

Allah ya jiƙan Alasan ɗan Zugu, ya jiƙan Yakubu na Kolokonde wanda ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba. Wanda ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu, ya sa da 'ya'yan mutane da ke kan hanyar arewa gobe.